Dala ashirin a ƙofar lambu: abin da na gani bayan zuwa huɗu

Gidan haya muke zaune, ɗaki biyu da tsakar gida wadda in aka shanya wanki babu sauran wurin da yaro zai yi gudu. Shi ya sa da zafin watan Afrilu ya kankama, wuta kuma ta shiga ɗaukewa, na fara kai yarana uku wani lambun shaƙatawa na jama'a da ke ɓangarenmu na Maraɗi. Sau huɗu na je kafin damina ta faɗi. Na ga ya kamata in faɗi yadda na same shi, don iyaye da yawa suna wucewa ta bakin ƙofarsa a kan kabu-kabu ba su taɓa leƙawa ba.

Kuɗin shiga dala ashirin ne ga babba, dala goma ga yaro. A da kyauta ake shiga, kuma na ji masu gunaguni a kan haka. Ni ban ga tsadarsa ba: da ni da uwargida da yara, dala saba'in, bai kai kuɗin tsiren da mutum ɗaya zai ci a bakin titi ba. Damuwata da kuɗin daban ce, zan zo kanta.

Abin da ya fi komai a wurin shi ne inuwa. Akwai tsofaffin itatuwan dogon yaro da suka haɗe kai, da maɗaci guda biyu, da wata tsamiya a kusurwar gabas wadda hannun mutum biyu ba ya zagaye ta. Wanda ya san rana ta ƙarfe uku a Maraɗi cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai gane abin da nake nufi in na ce daga ƙofa zuwa gindin tsamiyar nan kamar ka canja gari ne. Iska tana da sanyi, ƙura ta ragu, har kukan tsuntsaye kana ji. Ƙaramar ɗiyata, wadda ƙurajen zafi suka hana barci kwana da kwanaki, a kan tabarma ta yi barcin awa biyu a nan. Na tarar da 'yan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da littattafansu, da wata fada ta samari suna dafa shayi ba hayaniya, da tsofaffi biyu suna dara a ƙasa. Ba a sayar da abin maye, ba kiɗa mai huda kunne. Mace za ta iya zuwa da 'ya'yanta hankali kwance.

Sauran kayan kuwa sun gaji. Lilo uku ne, ɗaya kaɗai ke aiki. Kujerun siminti rabinsu sun tsage. Makewayi a kulle yake duk zuwan da na yi, saboda babu ruwa, kuma wannan babbar matsala ce ga mai ƙananan yara. Fitilu ba sa kamawa, don haka ana kiran magariba kowa ke naɗe tabarma. Katangar yamma ta faɗi wuri guda, ta nan jajayen awakinmu na Maraɗi ke shigowa su cinye duk wani dashe da bai kai ƙugu ba, ta nan kuma iska ke turo baƙar leda.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da wurin, wani dattijo maigadi. Shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai shara, shi ne mai ban ruwa. A zuwana na biyu na same shi yana tura baro da jarka huɗu.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ina famfon lambun?"

Ya ce, "Yawwa ɗana. An yanke shi tun bara, kuɗin ruwa ya taru. Wannan daga maƙwabta nake roƙowa. Manyan sun kai saiwa ƙasa, ba ruwansu da ni. Ƙananan nan ne in na yi kwana uku ban zo ba sai dai a tumɓuke."

Ya ce da su huɗu ne, yanzu saura shi. Bai zagi kowa ba, ni ma ba zan zaga ba, don duk mai bin al'amura ya san halin da asusun ƙananan hukumomi ke ciki a ƙasar nan. Kuɗinsu daga harajin kasuwa ne, da tasha, da ɗan abin da magidanta ke biya, da tallafin da ke zuwa daga Yamai. Garinmu kuwa da iyaka yake numfashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya watanni, Najeriya kuma ta yanke wuta, kasuwa ta yi sanyi, kuma in kasuwa ta yi sanyi akwatin haraji ma ya yi. A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ko wane ne ke kan kujera, in aka ajiye masa albashi da kwasar shara da yashe magudanai da ban ruwan itace a gabansa, aka ce kuɗin biyu kawai ke akwai, mun san wanda zai bari. A 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya, wato gyaran gari don bikin ranar Jamhuriya, mun ga yadda gari ke sakewa in kuɗi ya shigo. Sai dai kuɗin gini sau ɗaya ake fitar da shi, shi kuwa ban ruwa kullum ne.

Amma ba ƙishirwa ce ta fi ba ni tsoro ba. A gefen titi, jikin katangar lambun, na ƙirga shaguna biyar na kwano. Baba ya ce shekara uku da suka wuce ɗaya ne. Biyu daga cikinsu sun ci cikin lambun da kamar taku huɗu, kuma akwai kututturen itace a bayan na ƙarshe. Haka abin ke farawa. Fili in ya bushe, ya zama juji, sai a ce ai ba shi da amfani, gara a yanka shi a sayar a samu na biyan albashi. Sayar da filaye tsohuwar hanyar samun kuɗi ce ga hukumomin birane a Nijar. Mutanen Yamai sun gani da idonsu: dajin dogon yaro da aka fara dasawa ya zagaye birnin tun 1965, wanda ya kai wajen hekta 2,500, yau gidaje sun cinye babban sashensa. Lilo in ya karye ana walda shi a wuni ɗaya. Fili in aka zuba masa siminti ya tafi ke nan, jikokinmu ma ba za su san an taɓa yin inuwa a wurin ba.

Kuma mu ba mutanen da za a koya wa darajar buɗaɗɗiyar ƙasa ba ne. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da kakanninmu daga kwari zuwa tudun da muke kai yanzu. Ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin garin nan. Duk inda aka bar ƙasa da itace ruwa yana samun wurin nutsewa; inda aka rufe, gidan maƙwabci yake nufa. Wani abin da ke ci mini rai shi ne, a jiharmu ce manoma suka nuna wa duniya yadda ake tayar da daji ba da kuɗi ba. Tun wajen 1983, da aikin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman karkara, aka koma barin tohon kututture a gona ana gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ƙauye ya iya, birni ya kasa riƙe 'yan itatuwan da ya gada? Kowace ranar 3 ga Agusta muna dashe, a ɗauki hoto. Wanda zai koma wa dashen nan da jarka a watan Maris shi muke nema.

To, batun dala ashirin. A zuwa huɗu, sau ɗaya aka ba ni tikiti. Ban zargi dattijon ba, ya ce kundin ne ya ƙare ba a kawo wani ba. Amma kuɗin da ba shi da takarda ba wanda zai iya cewa ga inda ya tafi. Ni a shirye nake in biya dala arba'in in har za a kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta abin da ya shigo a wata da abin da aka kashe, kuma kuɗin ya tsaya a lambun: a fara biyan bashin ruwa, sannan haƙƙin maigadi, sannan katanga. Masu zuwa ɗaukar hoton aure ranar Asabar da Lahadi, da na ga suna cika wurin da motoci, su biya nasu daban, jika biyu ko uku ba za ta gagare su ba. Shagunan da suka riga suka kafu su riƙa ba da haya ga lambun, a kuma ja layi a dasa alama yadda na shida ba zai samu wuri ba. Mai unguwa da limami da ƙungiyar mata da 'yan fada su san iyakar filin kamar yadda suka san iyakar maƙabarta. Yara 'yan lakwal a bar su su shiga kyauta ranar Laraba da yamma, don yawan ƙafar da ke shiga wuri shi ke sa a ji nauyin taɓa shi.

Wanda zai je, ya je bayan la'asar, ya tafi da tabarma da ruwan sha, ya kuma kai yara makewayi tun daga gida. Ya nemi tikiti da ladabi, ko ba a samu ba a san ana nema. A zuwanmu na ƙarshe babban ɗana ya ɗauko jarka ɗaya daga gida a bayan babur, Baba ya nuna masa wata 'yar tsamiya da ya kewaye da ƙaya kusa da inda katanga ta faɗi, ya ce daga yau tasa ce. Juma'a mai zuwa za mu koma da jarka biyu, da buhun siminti ɗaya da ni da maƙwabtana uku muka haɗa kuɗinsa.