Bututun roba mai inci 4 don saukar da ruwan rufi: yadda na same shi a Sakkwato

Duk mai gidan da ke tunanin saukar da ruwan rufinsa ta bututun PVC, maimakon ya bar indararo yana feshi a jikin bango, shawarata ya yi, amma ya sayi mai kauri, mai inci 4. Da hannuna na ɗaura shi a gidanmu da ke Mabera, damina ta bi ta kansa, bazara ma ta gasa shi.

Gindin katanga ne ya kai ni ga saye. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya yake zuba. Indararo ya jefo shi daga sama, ya daki ƙasa ya fantsamo, filasta ta sha ruwa ta fara zubewa. Tun da na sa bututun, bangon a bushe yake.

A babbar kasuwa mai shago ya ajiye mini iri biyu. Na danna mai arahar da babban yatsa, sai ya lotsa. Ya miƙo ɗayan ya ce, "Alhaji, ɗauki wanga, shi ad da ƙarko." Gaskiya ya faɗa, ko da yake kuɗinsa ya ɗara sosai. Ɗaurawa ba ta da wuya: zarton ƙarfe na yanka shi, gam na kama shi nan take, ba nauyi, ba tsatsa. A kafa maƙali kusan kowace mita ɗaya, kada kuma a matse shi tam, domin roba na miƙewa in ta sha zafi.

Rana ce babbar abokiyar gabarsa. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu na wuce digiri 40, kuma robar da ke shan rana tsirara takan koɗe, ta bushe, har ta riƙa tsagewa da ɗan bugu. Na shafa wa nawa farin fenti irin na bango. Na kuma kewaye ƙasansa da bulo, saboda awaki na soshe-soshe a jiki, yara kuma na buga ƙwallo.

Inda ya fi ba ni aiki shi ne toshewa, kuma a nan tsohon indararo ya fi shi, don shi a buɗe yake, kana ganin abin da ke ciki. Ƙurar hunturu na taruwa a rufi, ga ganyen dogon yaro, ga leda, wani lokaci har sheƙar tsuntsu. Ruwan farko ya kwaɓa su, su gangara su cushe a gwiwar ƙasa, wato lanƙwasasshen mahaɗin da ke gindin bututun. Da na zare tawa a farkon damina, taɓo ne baƙi ƙirin ya fito dunƙule guda, da ƙwallayen dogon yaro a ciki. Shi ya sa nake roƙon kowa kada ya sa wa gwiwar ƙasa gam, a cusa ta kawai yadda za ta zaru. A ɗaure 'yar ragar waya a bakin sama. A watan Mayu a share rufin, a kwarara bokitin ruwa daga sama a ga yadda yake fita. In yana tsiyaya a hankali, a zura waya ko tiyo. Da sassafe ake hawa, kafin kwano ya ɗau zafi, wani ya riƙe tsani, a kuma kula da wayar wuta.

Yanzu ina tara ruwan a tanki don wanki da ban ruwan shuka, bayan na bar ruwan farko ya wanke rufin, kuma tankin a rufe yake saboda sauro. Rarar kuwa na ja mata bututu har cikin kwata, don a Mabera ruwa na kwanciya, ba zan so nawa ya tsaya a ƙofar maƙwabci ba.