Digiri ta intanet ga soja mai kwas: ga yadda ta kaya mini

Ƴan uwa masu kaki da ke ta tambayata a kan karatun nan na nesa, to ga amsarku. Ni dai a barikinmu nan Zariya nake, ina tsakiyar kwas na gyaran motoci da wayarin na ɗauki fom ɗin digirin, kuma gaskiya farkon abin ya burge ni. Lakca a naɗe take, sai ka sauka daga aiki ka yi isha'i sannan ka buɗe waya, ba ruwanka da zuwa aji. Data dai tana ci, wannan kun sani.

Ranar jarabawa ce ta ɓata komai. Wanda bai taɓa neman fas, wato izinin fita bariki, ana cikin kwas ba ba zai gane ba, sai da na bi oga kamar zan yi kuka kafin ya sa hannu, shi ma da sharaɗin in dawo kafin faretin yamma. Na fito ba ko karin kumallo, na sha cunkoson Kwangila a Keke, na isa santar da ake rubuta jarabawar da gumi, muka zauna gaban kwamfuta har azahar wai sabis ya ɗauke. Can wani ya leƙo ya ce an ɗaga zuwa Litinin. Litinin ɗin kuma ranar firatikal ɗinmu ce, ranar da za ka kwance giyabos ka mayar a gaban malami, in ka faɗi kwas ɗin ƙarin girmanka ne ya tsaya. Na ce wa wanda ya leƙo ɗin ranka ya daɗe ni fa soja ne, ba ni ke da lokacina ba, ya ce in tura saƙo ta fotal, wato shafin makarantar na intanet. Na tura, har yau shiru, da sakamako ya fito sai ga keri oba, wato sai na sake darasin.

Kuma tunda na tuna, takardar kwasa-kwasan da na yi a soja makarantar ko kallonta ba ta yi ba wajen ba da gurbi, in ba ka da takardar gaba da sakandare irin su ND ko NCE ko IJMB to aji ɗaya za ka fara, kiredit 120 ɗin nan cif, wato makin darussan da ake tarawa kafin a ba ka digiri, sai ka haɗa su daga tushe. A Amurka sojan sama tun 1972 suke da kwalejinsu, horon fasahar da ka yi a kaki ana lissafa maka shi cikin kiredit. Mu nan mutum ya iya zare injin dizil amma a takarda daidai yake da yaron da ya gama sakandare jiya.

Zan ci gaba don kuɗina sun riga sun shiga, malaman ma ba laifi, akwai wata mai lissafi da ke amsa tambaya ko da tsakar dare. Amma in kana kan kwas kar ka soma, bari ka gama, in kuma ka nace to ɗauki kiredit 15 kawai a semesta, kar ka hau 24.