Wane Darasin Haɗa Manhajar Waya Ya Dace da Ɗan Koyo?

Kafin ka fitar da kuɗinka a kan wani kwas na haɗa manhajar waya, ko ka ƙarar da datarka wajen sauke bidiyon awa arba'in, fara duba kwamfutar da ke gabanka. Ita za ta yanke maka rabin hukunci.

Idan manhajar iPhone kake so ka haɗa da yaren Swift, wanda Apple ya fitar a 2014, to ka sani Xcode, inda ake rubuta ta, a kan Mac kaɗai yake aiki. Duk iyawar malamin, in ba ka da Mac, ɗan kallo za ka zama. Ɓangaren Android ya fi sauƙin kai, domin Android Studio, inda ake rubuta manhajar Android, yana hawa Windows da Linux da Mac, sai dai akwai shi da cin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Gigabait 8 ne mafi ƙaranci, kuma da zarar ka kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta za ka ji injin yana nishi. Gara ka jona wayarka ta gaske da kebul ka riƙa gwaji a kanta.

Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba zai ji daɗin darussan MIT App Inventor. Google ne ya fito da shi a 2010 kafin ya koma hannun jami'ar MIT. A burauza ake aiki, kana jawo tubala masu launi kana harhaɗa su, kuma kyauta ne. A yini guda za ka ga maɓallin da ka ƙirƙira yana amsawa a wayarka. Amma wurin yada zango ne, ba wurin tarewa ba.

Bayan nan hanya ta rabu uku. Kotlin shi ne yaren da Google ya fifita wa Android tun 2019, kuma kwas ɗinsa na Android Basics with Compose kyauta ne, a tsare daki-daki. React Native, tsarin haɗa manhaja da Facebook ya saki a 2015, ya dace da wanda ya riga ya san yaren JavaScript, kuma da manhajar gwaji ta Expo Go za ka ga aikinka a waya ba tare da doguwar wahalar saiti ba. Sai Flutter na Google, mai amfani da yaren Dart: rubutu ɗaya ya yi maka Android da iPhone, kana gyara launi kana ganin canjin nan take. Ni dai, ga wanda ba shi da wani yare a hannu, Flutter nake nunawa, domin ganin sakamako da wuri shi ke hana ɗan koyo guduwa.

Abin da ya fi cutar masu farawa kuwa shi ne tsufan darasi. Wannan fanni yana sauya kaya da sauri. A 2021 Dart ya shigo da sabuwar ƙa'ida kan yadda ake mu'amala da gurbin da babu komai a cikinsa, Dart 3 kuma ya wajabta ta a 2023. Saboda haka in ka bi bidiyon Flutter na 2019 harafi da harafi, jajayen layuka masu nuna kuskure za su cika maka allo, ka zaci kanka ne ba ya ja, alhali darasin ne ya kwana biyu. Haka duk darasin Android da ka ga an buɗe Eclipse, tsohon wurin rubuta manhajar Android kafin zuwan Android Studio, a cikinsa, rufe shi kawai. Duba ranar da aka sabunta kwas, sannan ka leƙa tambayoyin ɗalibai ka ga ko malamin yana amsawa har yanzu.

Na kuɗi ko na kyauta? YouTube da freeCodeCamp suna da darussa masu kyau, illarsu ita ce za ka yi ta tsalle daga wannan malami zuwa wancan. Abin da kake saye a Udemy ko Coursera tsari ne, ba wani sirri ba. Kalli bidiyon samfuri tukuna, ka ji ko kana gane bayaninsa. Kuma kada tsawon kwas ko takardar shaida su ruɗe ka. Na awa goma da ke cewa dakata ka gina wannan da kanka ya fi na awa sittin da kake kwafa kawai.

Ka kuma tanadi kuɗin fitar da manhaja, wanda darussa da yawa ba sa ambata sai a ƙarshe. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 duk shekara. Sabon asusu na mutum ɗaya a Google Play ma sai wasu sun gwada manhajar kwana 14 kafin a ba ka damar sakinta ga jama'a.