Galena ko Cairo: garuruwa biyu a jihar Illinois

Galena na kan tuddai a arewa maso yammacin Illinois ta Amurka, haƙar dalma ce ta raya ta. Cairo kuwa tana can ƙarshen kudu, inda kogin Ohio ya haɗu da Mississippi, jiragen ruwa ne arzikinta a da.

Kasuwa ta watse wa dukansu. Sai dai Galena, mai mutum 3,308 a ƙidayar 2020, ta adana gine-ginenta na jan bulo, har da gidan Janar Grant, tsohon shugaban Amurka, yau 'yan yawon buɗe ido ke riƙe da ita. Cairo ta zubo daga mutum sama da 15,000 a 1920 zuwa 1,733 a 2020, rikicin wariyar launin fata ya ƙara korar jama'a, shaguna suka zama kufai. Mai neman hutu da masauki mai kyau dai, Galena ta fi masa.