Hattara da masu cewa birenbos ya ƙone don madubin gefe ya daina motsi

Jama'a masu motoci don Allah ku kula, akwai wata damfara da wasu bara-gurbin rewayoyi ke yi kuma tana cin mutane sosai. Ka kai mota don madubin gefe ya daina juyawa idan ka danna suwic, sai a jona mata kwamfuta, lamba ta fito mai farawa da B, a juyo maka sikirin kamar an ga mugun abu a ce ai Alhaji birenbos ɗin ƙofa (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa kayan wutar ƙofar) ne ya ƙone, sai an sake shi gaba ɗaya kuma sai an yi masa furogiramin. Kai kuma ganin abin a kwamfuta ya fito sai jikinka ya yi sanyi ka biya.

Wallahi yawanci ƙarya ne. Harafin B ɗin nan yana nufin matsalar a ɓangaren jikin mota take, kamar yadda P ke nufin inji da giya, C ƙasan mota irin su birki, U kuma sadarwa tsakanin na'urori. Yawanci lambar tana faɗa maka layin da wuta ba ta tafiya daidai ne kawai, ko waya ta tsinke ko ta haɗe da wata, ba ta ce wani abu ya ƙone ba. Kuma lambobin da suka fara da B1 ko B2 kowane kamfani da tasa fassarar, abin da take nufi a Toyota ba lallai shi take nufi a Ford ba, to wanda ya kalli lamba ya yanke hukunci nan take bai buɗe bayanin motarka ba, me ya sani?

Madubin nan ƙananan injinan lantarki 2 ne a cikinsa masu juya gilashin, ɗaya sama da ƙasa ɗaya hagu da dama, mai naɗewa yana da na 3. A yawancin motoci suwic ɗin juya musu wuta kawai yake yi. Idan duka madubai biyun suka mutu lokaci ɗaya a fara da fiyus sannan suwic. Idan ɗaya ne, ko yana motsi sai ka buɗe ƙofa ya tsaya, a zame robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota a duba, wayoyin ciki suna lanƙwasa duk buɗewa da rufewa har su karye cikin rigarsu ba ka gani daga waje, kuma nan ne matsalar ta fi yawa a tsofaffin motoci. Idan kana jin ƙarar injin cikin madubin amma gilashin bai motsa ba to wuta na zuwa, haƙoran ciki ne suka cinye. Suwic ɗin ma sau da yawa datti ne ko ruwan da ya shiga ta taga ya sa shi tsatsa, a fesa masa mai wanke kontak ya tashi.

Abin da ya fi ɓata min rai, wasu za su ɗaure wayar da ta tsinke cikin minti kaɗan bayan ka tafi, su goge lambar, su goge ƙurar birenbos ɗinka su ce ga sabo an sa. Wasu ma su cire naka mai lafiya su sayar wa wani. Haka masu tallar suwic a intanet da ke cewa yana shiga kowace mota, ƙarya ne, fulogin ma ba iri ɗaya ba ne, sai lambar da ke jikin naka ta yi daidai da nasu.

Kafin ka ba da ko sisi ka ce a sa mitar auna wuta a fulogin madubin a gabanka, a danna suwic ka ga ko bolt 12 na zuwa. Ka ɗauki hoton lambar da ta fito da ta jikin birenbos ɗinka, kuma duk abin da aka ce an canja a miƙo maka tsohon a hannu. In ya fara kame-kame ka ja motarka.