Buga silikon kai tsaye ko zubawa a mazubi?

Jiya a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ƙanena ya dage min wai injin 3D zai buga mana gasket na silikon, wato abin da ake sawa a mahaɗar inji don hana yoyo, kamar yadda yake buga roba. Na ce kai yaro tsaya tukuna. Robar PLA, wadda injin ke bugawa da ita, narkewa take yi ta daskare nan take, shi kuwa silikon kamar man goge baki yake fitowa, sai ya ɗau lokaci, ko zafi ko hasken UV ya busar da shi, kafin nan ya baje. Shi ya sa masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suke bugawa cikin wani jel mai riƙe shi, kamfanin Wacker na Jamus ma ya fito da nasa a 2016, a lokacin ɗigo-ɗigo yake ajiyewa haske na busarwa, har rami cikin rami yana fitarwa wanda mazubi ba zai iya ba, amma sun daina a ƙarshen 2021, kuma kuɗin irin wannan injin fa ba na ɗan unguwar Aboabo ba ne.

Ni dai mazubin nake bugawa da PLA, in gauraya silikon mai zuwa kashi biyu in zuba, gobe in ɓare. Araha. Matsalarsa kumfa, kuma ranar da na dama shi da safar hannu ta robar latex wallahi kwana biyu yana danƙo bai bushe ba, ƙanen nan har yau dariya yake min.