Na'urar sauti mai lasifika shida da na saya a Adum, bayan wata huɗu ana amfani da ita

A watan Nuwamba, da muka koma sabon wurin hayarmu a Aboabo, cikin Kumasi, ni da uwargida mun zauna mun rubuta kayan da gidan yake bukata, aka sayi firji mai takardar taurari ta Hukumar Makamashi manne a ƙofarsa, da fanka ta tsaye, da talabijin mai inci 50. Firji da fanka suna aikinsu, ba ni da abin faɗa a kansu. Talabijin ce ta jawo sayayya ta huɗu wadda ba ta cikin lissafi, domin hotonta ya yi kyau ƙwarai amma muryarta ba ta fita, kasancewar an matse jikinta har ba a bar wa lasifika wuri ba, kuma 'yan ƙananan da aka sa mata ƙasa suke kallo. Mahaifiyata Hajiya, wadda take zaune tare da mu kuma jinta ya fara raguwa, takan ce a ƙara murya duk lokacin labarai, in an ƙara kuma sai kiɗa da tallace-tallace su cika falon, maganar dai ba ta fito ba. Wannan ne ya kai ni Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, neman abin da 'yan kasuwa suke kira hom tiyata, sunan da ya ba Hajiya dariya, tunda ita tiyatar da ta sani a asibiti ake yin ta.

Na zaga shaguna uku kafin na tsaya a ɗaya, kuma ba zan ambaci sunan shagon ko na kamfanin da ya ƙera na'urar ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi. Tsarin da na ɗauka shi ne wanda ake rubutawa 5.1, wato lasifika biyar da wufa ɗaya: biyu a gaba, dama da hagu, ɗaya a tsakiya, biyu a gefen masu zama, sai wufar da take fitar da kaurin sauti, tare da akwatin amfilifaya da duk wayoyin suke komawa gare shi. Kuɗinta ya ɗan haura rabin kuɗin talabijin. Akwai ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka wadda ta fi araha, kuma ga dukkan alamu ta fi ƙarko, amma da na juya bayanta sai na ga an rubuta bolt 120, alhali wutarmu a Ghana bolt 230 ce. Irin wannan sai da taransifoma, kuma ranar da wani yaro ya manta ya soka ta kai tsaye a bango, ranar ce za ta ƙone. Na bar ta a inda na gan ta.

Mai shagon, wani Batone mai fara'a wanda yake jin Hausar kasuwa daidai gwargwado, ya yi ta nuna mini lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali, wat 1000, yana cewa, “Alhaji, wannan in ka kunna ta har Kejetia za a ji.” A nan nake so mai karatu ya dakata, domin wannan lambar ce take cinye kuɗin mutane da yawa. A bayan akwatin amfilifaya akwai wata 'yar takarda da ke nuna wutar da na'urar take ja daga bango, kuma a tawa wat 90 aka rubuta. Na'urar da take shan wat 90 ba ta da inda za ta samo wat 1000 ta riƙa fitarwa a kai a kai. Babbar lambar yawanci ma'aunin PMPO ne, wanda ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka haɗu a kanta, kowa yana auna nasa yadda ya ga dama, yayin da ma'aunin RMS ne yake kusa da ƙarfin da na'ura take iya riƙewa. Ko shi ma bai kamata ya ruɗi mutum ba, saboda ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Falona mita 4 ne a mita 5, kuma har yau ban taɓa kai maɓallin murya rabi ba. Mai shagon bai yi mini gardama ba da na nuna masa takardar, ya yi dariya ya ce ashe malami ne ya zo masa yau, ya kuma rubuta mini rasit mai garantin shekara ɗaya, wanda na tabbatar an sa lambar na'urar a jikinsa kafin na biya ta momo, wato kuɗin waya.

Shagon ya haɗa ni da yaron da zai kafa kayan, aka ɗora su a aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, muka taho. Yaro ne mai ladabi da saurin hannu, sai dai saurin ne ya ɓata aikin. Cikin minti arba'in ya jera lasifika biyar gaba ɗaya a kan kantar talabijin, na gefe ma a gaba, ya cusa wufa a ƙuryar ɗaki, ya haɗa wayarsa ta Bluetooth ya saki kiɗa har tagogi suka kama rawa, sannan ya juyo ya ce, “Baaba, ka ji aiki?” Na ji ƙara, babu shakka. Amma da dare ya yi aka kunna labarai, muryar mai karantawa tana nan a dushe kamar daga cikin tulu take fitowa, Hajiya kuma ta dube ni ba ta ce komai ba, abin da ya fi magana zafi.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ware ta gaba ɗaya ga gyaran wannan aiki, da littafin bayanin na'urar a hannuna da ma'aunin tela na uwargida. Abu na farko da na gano shi ne an juya wayar lasifikar hagu, ja ta shiga gurbin baƙa, baƙa ta shiga gurbin ja. Lasifikar da aka juya wa waya ba ta daina magana, amma fatarta tana komawa ciki a daidai lokacin da ta 'yar'uwarta take fitowa waje, sai su riƙa kashe wa juna sauti, kaurin ya ragu, murya kuma ta rasa takamaiman wurin da take fitowa. Na biyu shi ne igiyar HDMI mai haɗa talabijin da amfilifaya, wadda yaron ya soka a ramin da ya fara gani, alhali rami ɗaya ne kawai a bayan talabijin aka rubuta wa ARC, kuma shi kaɗai ne yake mayar da sauti daga talabijin zuwa amfilifaya. Wannan fasaha ta zo ne da HDMI 1.4 a shekarar 2009, saboda haka yawancin talabijin na yanzu suna da ita, kuma amfaninta na gefe shi ne rimot ɗaya ya isa ƙara murya da ragewa, wanda a gidan da yara suke ɓatar da rimot ba ƙaramin sauƙi ba ne. A cikin saitin talabijin kuma sautin yana kan PCM, wanda ta wannan hanya layi biyu kawai yake aikawa, sai na mayar da shi inda zai bar Dolby Digital, tsarin da yake iya ɗaukar layi shida, ya wuce yadda yake.

Daga nan sai jera lasifikun, wanda shi ne ya fi cin lokaci kuma ya fi biya. Ta tsakiya ita ce uwar tafiya, domin a sautin 5.1 kusan duk maganar mutane ta cikinta take fitowa, don haka na ajiye ta daidai ƙarƙashin allon, a bakin kanta, na ɗan ɗaga gabanta da guntun katako ta fuskanci kunnen wanda yake zaune, sannan na ƙara mata desibel 3 a kan sauran. Na dama da hagu na raba su yadda kowace take kusan digiri 30 daga tsakiyar doguwar kujera, na gefe kuma na kai su gefen kujerar, ɗan baya kaɗan kuma sama da kai. Amfilifayar tana tambayar nisan kowace lasifika daga wurin zama, kuma ba tambayar banza ba ce: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, na'urar kuma tana jinkirta wadda take kusa domin duka su iso kunne tare. Da na gama na kira Hajiya, aka kunna wani karatun tafsiri da take so. Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce, “To, yanzu malam ya shigo ɗakin.” A wajena wannan shi ne gwajin da na'urar ta ci, kuma da watan azumi ya zo ta ƙara tabbatar da shi, domin ana jin kowane harafi ba tare da an ɗaga murya ba.

Wayoyin da suka zo cikin kwali sirara ne kuma na gefe ba su kai tsawon da ake bukata ba, sai da na koma kasuwa na sayo mita 20 na waya mai kauri. Wannan rowa ce daga kamfanin, kuma mai shagon bai gaya mini ba.

Wufar kuwa sha'aninta daban ne, kuma duk wanda yake zaune a gidan haya na zango ya kamata ya yi tunani a kanta kafin ya saya. Kaurin sauti ba ya tsayawa a bango yadda siririn sauti yake tsayawa, yana bin siminti da ƙasa ya shiga ɗakin maƙwabci, kuma ƙuryar da yaron ya ajiye ta tana ƙara masa kumbura. A daren farko da muka kalli ƙwallo, mai gidan, dattijo wanda ɗakinsa yake bayan bangon falonmu, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce, “Malam, ko ganga kuka sayo ne? Kofin shayina yana yawo a kan tebur.” Na ba shi haƙuri, washegari na jawo wufar daga ƙurya kimanin rabin mita, na shimfiɗa mata tsohuwar darduma mai kauri a ƙasa, na saita mahaɗar sautinta, wato iyakar da take karɓar kaurin sauti daga sauran lasifikun, a 80 Hz, na rage ƙarfinta sosai. Abin mamaki shi ne sautin ya fi daɗi bayan ragewar, tunda dā gunji kawai take yi yana danne magana. Akwai kuma saitin dare a cikin na'urar, wanda yake rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa a fim, kuma bayan sallar isha'i shi muke sawa. Falon namu tayil ne a ƙasa da bangon bulo, yana amsa kuwwa, amma kafet ɗaya da labule masu nauyi da uwargida ta ɗinka sun kashe mafi yawanta.

Abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya ciro kuɗi shi ne lasifikun gefe a yawancin lokaci shiru suke. Tashoshinmu na gida, da finafinan Kano da iyali suke kallo, da mafi yawan abin da ke YouTube, da layi biyu aka naɗe su, kuma na'urar ba za ta ƙirƙiro abin da ba a sa a ciki ba, sai dai ta kwaikwaya, kwaikwayon nata kuma yana mayar da murya kamar ana magana a zauren da babu kowa. Sai a wasu finafinan waje da wasu wasannin ƙwallo ne za ka ji ihun 'yan kallo ya zagaye ka, kuma a nan ta burge ni matuƙa. Na'urar ba ta karanta Dolby Atmos, tsarin da yake ƙara sauti daga sama, ban kuma yi kewarsa ba. Da a ce labarai da wa'azi kaɗai muke saurara, da doguwar lasifika guda mai layi uku, irin wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, ta wadatar da mu, an huta da jan waya.

Game da wuta, duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman 2015, ya san cewa dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna, don haka na sa mata irin na'urar kariya da ake sa wa firji, wadda take jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna. Ƙurar hunturu ta taru a ramukan iskar amfilifaya cikin makonni kaɗan, tana kuma yin ɗumi idan aka rufe samanta, saboda haka na hana a ɗora mata dikoda, ina kuma share ta da busasshen burushi duk Juma'a. Aibin da ya rage mata guda ne: wani lokaci bayan an ɗauke wuta an dawo, takan manta da talabijin sai an zare igiyar HDMI an mayar. Na kira shagon a kan haka, suka amsa da ladabi suka ce za su turo yaron, na ce su bar shi, zan iya. Lasifikun gefe har yanzu a kan kujerun roba biyu suke zaune, amma na kai wa wani mai walda a Asawase awo, ya ce ƙafafun ƙarfen za su fito ranar Talata.